Yadda Ake Adana Sigar a Gida a Maraɗi, Daga Hunturu Zuwa Damina

Sigar, wato tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganye zalla babu takarda, ƴar ƙasashe masu laima ce. Mafi shaharar ganyenta ana noma shi ne a yankin Vuelta Abajo na lardin Pinar del Río a Kuba, sai Estelí a Nikaraguwa da kewayen Santiago a Jamhuriyar Dominika. A can iska da kanta tana riƙe ganyen da laushi. A Maraɗi kuwa iska gaba take yi da shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu danshin iska da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40. A Agusta kuma laima ta cika ɗaki har takalmin fata ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Abin da sigar ke so shi ne danshi kashi 65 zuwa 70, da sanyin digiri 18 zuwa 21, kuma kada su riƙa hawa da sauka. Babu wata guda a shekararmu da ke ba da wannan da kansa.

Don haka wanda aka kawo wa tsarabar kwalin sigar daga Kasabalanka ko Dubai ya jefa a durowa, zai tarar da ɗayan uku: ta tsattsage, ko ƙwaro ya huda ta, ko ta yi fumfuna. Ba tallar taba nake yi ba. Tana cutar da lafiya ko da ba a haɗiye hayaƙin ba, dokar yaƙi da taba ta 2006 ta hana shan ta a wuraren taruwar jama'a, malamanmu ma ba su yi shiru a kanta ba. Magana ce ta wanda abin ya riga ya zo hannunsa, ba ya son ya lalace. Kuma duk inda za ka ajiye, ya zama inda hannun yara ba ya kai.

Kayan da za ka tanada

Robar ajiye abinci mai murfi da ke da zoben roba a baki da maƙallai huɗu. Sabuwa fil, wadda ba a taɓa zuba miya a ciki ba. Ana samu wajen masu kayan roba a babbar kasuwa. Kwalbar gilashi mai faɗin baki da zoben roba ita ma ta yi, idan tsawon sigar zai shiga.

Ma'aunin danshi mai lambobi, irin ƙaramin nan mai aiki da batirin agogo, wanda ke nuna zafi da danshi tare. Mai allura kyau ne kawai da shi, yawancinsu ƙarya suke yi.

Jakar daidaita danshi. Wadda aka fi sani ita ce Boveda, tana zuwa da lamba a jiki: 62, 65, 69, 72, 75, 84. Cikinta ruwan gishiri ne na musamman, idan iska ta bushe ta saki danshi, idan ya yi yawa ta tsotse. Samunta a Maraɗi ba tabbas, sai ka ba mai tafiya sautu. Jaka ɗaya mai giram 60 ana lissafa ta ga mazubin da zai ɗauki kara 25. A mataki na uku zan faɗi abin yi idan babu ita.

Tataccen ruwa (wanda aka tara daga tururi), ledoji masu zik, gishirin miya, murfin kwalbar lemo, kula irin ta ajiye ƙanƙara, da siraran fallayen katakon da ke zuwa cikin kwalin sigar. Wannan katakon shi ake kira sida na Sifaniya, kodayake bishiyar ta nahiyar Amurka ce, kuma dangin maɗacinmu ce.

Akwatin katako mai sheƙi da ake sayarwa musamman don sigar fa? Ra'ayina, bai dace da garinmu ba. Katako yana numfashi, murfinsa ba ya kamawa gam, hunturu kuma yana zuƙe danshin ta kowace ƴar kafa. Za ka wayi gari kana ciyar da akwati ruwa maimakon sigar. Idan an ba ka shi kyauta kana jin nauyin ajiye shi gefe, saka shi gaba ɗayansa cikin kula ka rufe.

1. Fara gwada ma'aunin

Mutane suna tsallake wannan, alhali komai a kansa yake. Cika murfin kwalbar lemo da gishiri, ka ɗiga ruwa kaɗan har ya jiƙe kamar yashin gini, kada ya narke ya zama ruwa. Saka murfin da ma'aunin cikin ƙaramar kwalba ko leda mai zik, ka rufe, ka bar su su kwana su wuni. Jiƙaƙƙen gishiri a rufaffen wuri yana tsayar da danshi a kashi 75, ko ana zafi ko ana sanyi bambancin ba ya taka kara ya karya. Idan ma'aunin ya nuna 75, madalla. Idan ya nuna 71, ka san yana rage 4, sai ka rubuta "+4" a ƴar takarda ka manna a bayansa. Maimaita gwajin duk lokacin da ka canza batiri.

2. Shirya mazubin

Wanke robar da sabulu marar ƙamshi, ka ɗauraye sosai, ka kife ta a inuwa. Idan ta bushe ka rufe ta na ƴan awoyi, sannan ka buɗe ka shinshina. In akwai warin roba, zuba ruwa da cokali biyu na bikarbonat ka bar ta ta kwana. Ganyen taba ɓarawon wari ne, duk abin da ya zauna kusa da shi sai ya ɗauka. Saboda haka kwalbar da ta taɓa riƙe yaji, daddawa ko mayonis ta fita daga lissafi ko sau nawa aka wanke ta.

Gwada murfin kuma. Saka busasshiyar takarda a ciki, ka rufe, ka danna robar cikin bokitin ruwa na minti ɗaya. Takarda ta jiƙe, nemi wata robar.

Shimfiɗa fallen sida a ƙasa. Idan babu, bar robar haka nan. Kada ka karɓi guntun katako a wajen kafinta don maye gurbi: filawud yana da warin gam, fentin katako ya fi shi muni, dogon yaro kuma ɗacinsa zai shiga ganyen.

3. Tushen danshi

Idan kana da Boveda, zaɓi mai lamba 65. Turawa sun fi ambaton 69 ko 72, amma su ɗakunansu suna da sanyi. Mu da zafi ba ya barinmu, ƙarin danshi gayyata ce ga fumfuna da ƙwaro. Kada ka haɗa lamba biyu a mazubi guda, ɗaya za ta yi ta shanye ɗayar. Jakar tana iya taɓa sigar babu matsala. Muddin tana da laushi a hannu tana aiki. Ranar da ka ji ta yi tauri kamar kilishin da ya kwana biyu, ta ƙare. A cikin roba mai kama baki tana kai watanni masu yawa.

Idan babu, ga hanyoyi biyu.

Ta farko, ka tambayi farmasi ko suna da sinadarin furofilin gilikol. Haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, ka jiƙa sabon soso ko auduga, ka matse, ka saka a ƙaramin gwangwanin roba da ka huda murfinsa da allura mai zafi. Wannan haɗin yana riƙe danshi wajen kashi 70, yana kuma rage wa fumfuna ƙarfi.

Ta biyu, gishirin nan na gwaji. Jiƙaƙƙen gishiri a ƙaramin gwangwani mai hudajjen murfi ba zai wuce 75 ba, shi ya sa ya fi zallar ruwa aminci, domin zallar ruwa a rufaffiyar roba neman kashi 100 yake yi. Sai dai 75 ta yi yawa a zafinmu. Ka sa ido: ma'auni ya kai 68, cire gwangwanin, ya sauko 62, mayar da shi. Aiki ne na kullum, amma yana yi. Ka tsare kada ya kife, don gishiri ya taɓa sigar an gama.

Batun ruwa yana da tarko. Tataccen ruwan da masu batirin mota ke sayarwa ya yi, amma a shago ɗaya ake sayar da shi da ruwan asid, wani lokaci a gora iri ɗaya. Faɗa wa mai shagon ƙarara: "Malam, na ƙari nake so, marar asid, wanda ba a buɗe ba." In kana shakka, je farmasi. Ruwan famfo da na rijiya da na leda suna da gishirin ƙasa da ke toshe soso, ga ƙwayoyin da ke kawo fumfuna. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki kuwa ya wanko ƙura da dattin cikin na'urar. In duk babu, tace naka: ɗora tukunya da ruwa rabi, ka sa kwano a tsakiya yadda ba zai nutse ba, ka kife murfin tukunyar a juye, ka ɗora ƙanƙara a kansa. Tururi zai taru a murfin ya ɗiga cikin kwanon.

Rufe robar da tushen danshin da ma'aunin, babu sigar, har kwana biyu. Lamba ta tsaya wuri guda, mazubi ya shirya.

4. Kashe ƙwan ƙwaro da ƙanƙara

Nan ne gizo ke saƙar a ƙasa mai zafi. Akwai wani ɗan ƙwaro ja-ja, tsawonsa milimita 2 zuwa 3, dangin masu cin hatsi da busasshen yaji a rumbu. Ƙwansa yakan taho a cikin ganyen tun daga masana'anta, ido ba ya ganin sa. A wuri mai sanyi yana kwance. Da zafi ya haura digiri 22 ko 23, ga danshi, sai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta yi ta cin ganyen daga ciki. Ɗakunanmu kuwa kusan duk shekara sun wuce wannan ma'auni. Manyan kamfanoni suna daskarar da kayansu kafin fitarwa, amma ba ka san inda kwalin ya zauna a hanya ba. Don haka duk sigar da ta shigo gidanka, ko daga ina take, sai ta bi ta firiza.

Jera su cikin leda mai zik, ka fitar da iska gwargwadon iko ba tare da ka murƙushe su ba, ka saka ledar cikin wata ledar. Kwana ɗaya a firigo, ɓangaren da ba ya ƙanƙara. Daga nan kwana 3 zuwa 4 a firiza mai kaiwa digiri 18 ƙasa da sifiri. Sai ka mayar firigo kwana ɗaya, sannan ka fito da ledar ka ajiye a ɗaki na wasu awoyi. Kada ka buɗe ta tun tana sanyi, raɓa za ta kwanta a kan ganyen. Hikimar shiga da fita a hankali ita ce fatar waje, wato ganyen da aka naɗe sigar da shi ta waje, siririya ce, sauyin gaggawa yana fasa ta.

Matsalar ita ce wuta. Firizar da ake ɗauke mata wuta tana narkewa tana sake daskarewa ba ta kashe ƙwan, sai dai ta jiƙa ledar. A bazara, lokacin da ɗaukewar ta fi yawa, ka nemi wanda firizarsa ke kan sola ko injin wuta. Masu sayar da ƙanƙara a unguwa sun fi kowa kula da wannan. Saka ledar cikin wata roba mai murfi don warin kifi da nama, ka ce masa, "Don Allah ɗan'uwa, can ƙasa za ka sa min, kada a ɗora kaya a kai." In aka sami yankewar wuta mai tsawo a tsakani, fara ƙirga kwanakin daga farko.

Bayan firiza, bar su su huta a mazubi mako 2 zuwa 4 kafin a taɓa ko ɗaya.

5. Jera su

Bar musu farar ledar da suka zo da ita, tana kare fata kuma danshi yana ratsa ta. Kada ka cika robar maƙil, bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu ga iska. Masu ƙamshin vanila ko kofi su tafi mazubinsu dabam. Ma'aunin ya kasance a sama inda za ka karanta shi ta jikin robar ba sai ka buɗe ba.

Waɗanda aka naɗe da fatar ganyen Kamaru ka sa su a tsakiya. Ganye ne mai daɗi amma sirantarsa ta sa shi ke fara tsagewa.

6. Nemi wuri mafi sanyi

Gaskiya ita ce digiri 21 a Maraɗi cikin Afrilu sai mai na'ura da wutar da ba ta yankewa. Abin da za ka iya shi ne ka rage zafin, ka hana shi tsalle tsakanin rana da dare. Tunda ka riga ka kashe ƙwan, sigar za ta jure digiri 26 ko 28 idan danshi bai wuce 65 ba.

Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano nesa ba kusa ba. A kowane ɗaki, ƙasa ta fi saman kabad sanyi, kuma bangon da rana ba ta duka da yamma shi ne naka. Nisanci madafa, nisanci inda uwargida ke turaren wuta da ajiye humra. Saka robar cikin kula ka rufe. Kula ba ta ƙirƙirar sanyi, tana dai hana zafin azahar shiga da sauri. Idan ka jingina gora biyu na ruwan randa a gefe kana canza su safe da yamma, za ka ga bambanci. Ƙanƙara kuwa kada ta taɓa jikin robar: bangon da ya yi sanyi zai yi gumi ta ciki, ruwan ya gangaro kan sigar.

Dabarar da na fi yarda da ita a bazara ita ce tukunya cikin tukunya, wadda malamin nan na jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa don adana kayan lambu har ya sami lambar yabo ta Rolex. Ƙaramar randa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen buhu a bisa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki. Ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ka riƙa zuba wa yashin ruwa sau biyu a rana. Robar sigar ta shiga leda kafin ta shiga randar, domin sanyin muke so, ba laimar ba. Tana aiki sosai daga Maris zuwa Mayu saboda iska a bushe take. Da damina ta kankama ƙarfinta ya ragu, sai ka koma kula.

Firigon gida ba wurin ajiya ba ne. Yana busar da ganye, ga warin albasa da miyar jiya. Ƙananan firigon sanyaya kwalabe marasa kwamfuresa kuma abin da suke iya ragewa daga zafin ɗaki yana da iyaka, kuma duk ɗaukewar wuta sai sun yi gumi.

7. Kula da su bisa yanayin shekara

A hunturu, rage buɗewa. Duk buɗewa ɗaya danshin da ya taru yana gudu, ƙura ta shiga. Ɗauki abin da kake so ka rufe nan take. Sau ɗaya a mako biyu ya isa a ba su sabuwar iska, da asuba ya fi. Wannan ne lokacin da jakar danshi ke saurin ƙarewa, ka riƙa taɓa ta.

A bazara, idonka a kan lambar zafi. A damina, musamman Agusta, idonka a kan lambar danshi. Mai amfani da soso ko gishiri yakan cire shi gaba ɗaya na makonni. Ma'auni ya wuce 72 ya zauna, ƙara busasshen fallen sida ya tsotse.

Duk wata, fito da su ɗaya bayan ɗaya, na ƙasa su koma sama. Mai goro ma haka yake kwance huhu yana tsince mai tsutsa kafin ta kama sauran. Matsa kowace a hankali tsakanin babban yatsa da manuni. Lafiyayya tana ɗan lotsawa ta dawo. Busasshiya tana ƙara ƙas-ƙas. Wadda ta sha ruwa da yawa tana lotsawa ta zauna, in an kunna ta kuma ba ta jan iska, tana mutuwa, tana ɗaci.

8. Idan ɓarna ta riga ta faru

Ƙwaro: shimfiɗa farar takarda, ka riƙe sigar a tsaye, buɗaɗɗen bakin yana ƙasa, ka ɗan ƙwanƙwasa. Idan gari mai laushi launin ƙasa ya zubo, juya ta a gaban haske, za ka ga rami zagayayye kamar an soka tsinken allura. Wannan ta tafi. Sauran duka su koma firiza, a goge robar da alkol na farmasi, a zubar da sidar ciki.

Fumfuna: fari-fari a kan fata kawai ana iya share shi da busasshen ƙyalle mai laushi, a ware sigar, a sauke danshi. Wasu za su ce maka ai alamar tsufa mai kyau ce. Kada ka yarda. Idan kore ne ko shuɗi, ko ya shiga buɗaɗɗen bakin, jefar.

Bushewa: nan ake garin neman gira a rasa ido. Mutum ya ga sigar ta bushe sai ya fesa mata ruwa ko ya kai ta kusa da tururi. Ganyen ciki ya kumbura kafin fatar ta yi laushi, sai ta tsage daga sama har ƙasa. A hankali ake yi: mako biyu a kashi 62, sannan a matsa zuwa 65 na wasu makonnin, ana juya ta. In babu jakunkuna masu lamba, fara da gwangwanin gishiri na awa biyu kacal a rana, kana ƙarawa sannu sannu. Laushin zai dawo. Man ganyen da ya riga ya tashi da ƙamshinsa kuwa ba ya dawowa, don haka wadda ta yi hunturu guda cur a durowa kada ka sa rai da yawa a kanta.

Jiƙewa: ajiye ta kwana ɗaya ko biyu a cikin kwalin sida da babu komai. A hunturu awoyi kaɗan sun isa.

Idan tafiya ta kama, zuwa Yamai ko ta Ɗan Isa zuwa Katsina, ɗauki iya abin da kake buƙata a leda mai zik da ƙaramar jakar danshi mai giram 8, ka saka cikin gwangwani mai tauri a tsakiyar tufafi. Kada ta zauna a aljihun gaban mota, inda zafin rana ke dafa komai cikin awa guda. Wadda ta dawo daga tafiya ba a sha ba, ta yi mako ɗaya a ledarta ita kaɗai kana duba ta kafin ka mayar da ita cikin sauran.